Daga Kwalbar Faraday Zuwa Ganyen Dogon Yaro

A jikin salansar kusan kowace motar fetur ta zamani akwai wani ƙullutu da makanikai ke kira indomi, saboda cikinsa ya yi kama da curin taliyar nan kafin a jefa ta a ruwan zafi. Ɓarayi na yanke shi da dare, 'yan gwangwan kuma na sayensa da daraja. Abin da ake nema a cikinsa bai wuce giram kaɗan ba na wasu ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. An niƙa su sun fi ƙura laushi, an shafe bangon ramukan curin da su, ta yadda hayaƙin inji zai goge su kafin ya fita, gubar cikinsa ta ragu. Tun 1975 aka fara sanya shi a sababbin motoci a Amurka.

Wannan ƙullutu reshe ne na wani dogon tarihi da ya kai shekara 200, tarihin yadda ɗan Adam ya yi ta neman ƙarfe kaɗan ya yi masa aiki mai yawa. Babi na baya-bayan nan a tarihin ya haɗa abubuwa uku da ba a zaci za su zauna a kwano ɗaya ba: ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, da fallen bakin fensir da ake kira girafin, da ruwan ganyen itace. Masu bincike na kiran wannan haɗi koriyar hanya. Muna so mu bi sawunsa daga farko, domin mu ga me kalmar “kore” ta ɗauka, me kuma ta bari a ƙasa.

Dillalin da ba ya karɓar la'ada

A 1823, a garin Jena na Jamus, Johann Döbereiner ya hura iskar haidirojin a kan garin filatinam mai kama da soso, sai garin ya yi ja, iskar ta kama da wuta. Babu ƙyastu, babu garwashi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne bayan wutar ta mutu filatinam ɗin na nan yadda yake. Daga nan aka ƙera wata 'yar fitilar kunna wuta da ta bazu a gidajen Turai kafin ashana ta kore ta. A 1835 masanin nan na Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, ya tattara irin waɗannan al'amura ya ba su suna ɗaya, wanda daga gare shi muka samu kalmar katalis.

Katalis dillali ne. Sinadarai biyu na iya zama kusa da juna shekara da shekaru ba su ƙulla komai ba, sai dillali ya jawo wannan ya jawo wancan, ciniki ya faɗa, shi kuma ya koma gefe yana jiran na gaba. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada, kuma zai iya ƙulla ciniki miliyoyi kafin ya gaji.

Duniya ta san ƙimar wannan dillali a farkon ƙarni na 20. A 1909 Fritz Haber ya nuna cewa za a iya ɗaure naitirojin na iska da haidirojin a samu amoniya, amma katalis ɗin da ya yi amfani da shi, osmiyam, ƙarfe ne da ba a samunsa da yawa a doron ƙasa. Sai Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya shiga gwaji, dubbai a jere, har ya dace da baƙin ƙarfe da aka ɗan gauraya da wasu sinadarai. A 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau. Takin yuriya da manomi ke zubawa masara daga wannan amoniya yake, haka kuma albarusan da Jamus ta yi yaƙin duniya na farko da su. Darasin da masana'antu suka ɗauka daga Mittasch shi ne: in ƙarfen ya yi tsada, ko dai ka nemi mai araha, ko ka koyi yadda za ka ci moriyar kowane ɗigo nasa.

Amfanin ƙanƙanta

Hanya ta biyu ita ce ta kai mu ga ƙwayoyin nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yana tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Masu sana'a sun riga masana shiga wannan duniya ba tare da sun san sunanta ba. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, da ake kira kofin Lycurgus. Idan haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, idan ya ratso ta bayansa sai ya koma ja. Sai a 1990, da aka duba ɓarɓashinsa da madubi mai aiki da ilektiron, aka ga ƙwayoyin zinariya da azurfa warwatse a cikin gilashin.

Wanda ya fara fahimtar abin da ke faruwa shi ne Michael Faraday. A 1857 ya bayyana yadda ya narka gishirin zinariya a ruwa, ya sa masa farin fosforas, ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Ya ce zinariyar ce da kanta, ta rarrabu ƙanana har ta daina zama rawaya, ta kuma ƙi kwanciya a ƙasan kwalba. Kwalaben nasa suna nan a Landan har yau, launinsu bai gushe ba.

Ya kamata mu tsaya a kan abin da Faraday ya yi, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. A cikin gishirin ƙarfe, kowane atom ya rasa wasu ilektiron nasa, shi ya sa yake narkewa a ruwa. Idan aka kawo wani sinadari mai kyauta ya mayar masa da abin da ya rasa, sai atom ɗin ya koma ƙarfe, ya nemi 'yan uwansa su dunƙule. Gwaninta ita ce a tsayar da dunƙulewar tun ƙwayar tana ƙarama. Saboda haka abu biyu ake buƙata: mai ba da ilektiron, da mai lulluɓe ƙwayar don kada ta manne da maƙwabciyarta. Mai kyautar da Faraday ya zaɓa, farin fosforas, guba ne mai kama wuta da kansa idan ya sha iska. Tun ranar farko ke nan, kyakkyawan ruwan ja ya zo tare da mugun abokin tafiya.

Me ya sa ake son ƙwayar ta ƙanƙance? Domin dillancin a fatar ƙarfe ake yinsa; atom ɗin da ke binne a tsakiya zaman banza yake. Mu ɗauki curin ƙarfe mai santimita ɗaya a kowane gefe: faɗin fatarsa santimita murabba'i 6 ne. In aka yayyanka shi zuwa ƙananan curi masu nanomita 10, faɗin fatar zai kai mita murabba'i 600, ya fi fuloti mai ƙafa 50 da 100, alhali nauyin ƙarfen bai ƙaru ba. A ƙwayar filatinam mai nanomita 10, kusan atom ɗaya cikin goma ne ke waje. A mai nanomita 2, kusan rabi.

Ƙanƙanta kuma tana canza hali. An daɗe ana ɗaukar zinariya a matsayin ƙarfe marar amfani a dillanci, saboda ba ta tsatsa, ba ta shiga sabgar kowa. A 1987 Masatake Haruta na Japan ya wallafa cewa ƙwayoyin zinariya 'yan nanomita kaɗan, idan aka ɗora su a kan oksaid na wasu ƙarafa, suna ƙone kabon monoksaid ko da sanyi ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri. Wannan ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe iyali a rufaffen ɗaki.

Tabarmar da za a shimfiɗa

Ƙananan ƙwayoyi na da aibi guda: da sun ji zafi sai su yi ta rarrafe suna haɗewa, su koma manya, ribar ta tafi. Dole a dasa su a kan wata shimfiɗa da za ta riƙe su a warwatse. Masana'antu sun daɗe suna amfani da alumina, da gawayin da aka gyara, da baƙin kabon mai kama da kunkunniya. Girafin ya shigo fagen ne a matsayin sabuwar tabarma.

Bakin fensir, wato girafait, falle-falle ne na kabon a jere kamar takardun littafi. Kauri milimita ɗaya na ɗauke da falle kusan miliyan 3. Falle ɗaya tak, mai kaurin atom guda, shi ne girafin. A 1947 Philip Wallace na Kanada ya lissafa halayensa a takarda. A 1962 Hanns-Peter Boehm na Jamus ya ga siraran fallensa a madubi, shi ne kuma da abokan aikinsa suka raɗa masa suna a 1986. Amma sai a 2004, a Jami'ar Mancesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafait da salatif, suka ware falle ɗaya suka auna yadda yake ɗaukar lantarki. A 2010 aka ba su kyautar Nobel.

A lissafi, giram ɗaya na girafin na da faɗin mita murabba'i 2,630, yana ɗaukar lantarki sosai, kuma duk jikinsa fata ne. Ga mai neman inda zai shanya ƙwayoyin filatinam, wannan tamkar faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Sai dai salatif ba zai cika ko cokali ba. Don samun girafin da yawa, aka koma ga wata tsohuwar dabara da Benjamin Brodie ya fara a Ingila a 1859, wadda William Hummers da Richard Offeman suka gyara a Amurka a 1958: a jiƙa girafait cikin asid mai ƙarfi da famanganet, oksijin ya kutsa tsakanin fallayen ya buɗe su, su warwatsu a ruwa. Abin da ake samu shi ne oksaid na girafin, fallen da ya cika da tabon oksijin har ya daina ɗaukar lantarki. Kafin ya dawo hayyacinsa sai an cire masa yawancin oksijin ɗin, wato shi ma sai an ba shi ilektiron. Sinadarin da ya yi suna a wannan aiki, musamman bayan binciken ƙungiyar Rodney Ruoff a 2007, shi ne haidirazin: man roka, mai dafi, wanda ake zargi da jawo ciwon daji.

Tabon oksijin yana da nasa amfanin, domin a nan ƙwayoyin ƙarfe ke samun wurin kafa ƙafa. A 2009 masu bincike a Freiburg ta Jamus suka nuna cewa faladiyam a kan oksaid na girafait yana saurin ƙulla haɗin Suzuki, hanyar ɗinke kabon da kabon da masu haɗa magunguna ke dogaro da ita. Akira Suzuki, wanda ya samar da haɗin a 1979, ya karɓi tasa Nobel ɗin a 2010, shekara ɗaya da mutanen Mancesta.

Yadda kore ya shigo

Yayin da wannan ke gudana, sunan masana'antar sinadarai ya ɓaci a idon duniya. A Disambar 1984 iskar guba ta ɓalle daga wata masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta Indiya, ta kashe dubban mutane cikin dare ɗaya. A 1990 Amurka ta yi dokar da ta fifita hana gurɓata tun daga tushe a kan share ta daga baya. A 1992 Roger Sheldon ya kawo wani sauƙaƙan ma'auni: kilo nawa na shara ake zubarwa kafin a samu kilo ɗaya na kaya? A harkar magunguna amsar ta kama daga 25 zuwa sama da 100. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka tsara ƙa'idoji 12 na abin da suka kira koriyar kimiyyar sinadarai, ciki har da guje wa sinadarai masu dafi, da amfani da abin da ake iya nomawa, da fifita katalis.

Masu ƙwayoyin nano suka duba kwanonsu suka ga borohaidiraid da haidirazin da toluwin, suka fara neman mai kyautar ilektiron da ba ya kisa. Tun 1951 ma John Turkevich ya riga ya yi ƙwayoyin zinariya da sitiret, gishirin tsamin da ke cikin lemo, a tafasasshen ruwa, tun kafin a san za a kira irin wannan kore. Yanzu aka faɗaɗa neman zuwa halittu masu rai. A 1999 masu bincike a Uppsala ta Suwidin suka ga wata bakteriya da aka samo a mahaƙar azurfa tana tara ƙwayoyin azurfa a jikinta. A 2002 Jorge Gardea-Torresdey, a El Paso ta Amurka, ya shuka ciyawar alfalfa a wurin da ke da gishirin zinariya, ya tarar da ƙwayoyin zinariya a cikin tsiron. A 2003 ƙungiyar Scott Wallen ta yi ƙwayoyin azurfa da ruwa da sitaci da gulukos kawai.

Matakin da ya buɗe ƙofa ga kowa daga Pune ta Indiya ya fito. A can, a ɗakin binciken sinadarai na ƙasa, Murali Sastry da abokan aikinsa suka ga ba sai an jira tsiro ya girma ba: a tafasa ganye, a tace, a zuba ruwan a kan gishirin ƙarfe. A 2004 suka wallafa sakamakon da suka samu da ganyen itacen da muke kira dogon yaro ko darbejiya, wanda asalinsa na can yankin Indiya ne kafin a kawo mana shi a zamanin Turawa. Ruwan ganyen ya ba da ilektiron, ya kuma lulluɓe ƙwayoyin, aiki biyu a tafi ɗaya. Sinadaran da ke wannan aiki dangin waɗanda ke sa shayi da 'ya'yan bagaruwa bauri ne. A 2008 masu bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka suka yi faladiyam da azurfa da ruwan shayi da na kofi.

Girafin bai daɗe ba ya bi sahu. A 2010 ƙungiyoyi a Sin da Sifaniya suka nuna cewa bitamin C na cire wa oksaid na girafin oksijin kusan yadda haidirazin ke yi, a 2011 kuma aka gwada koren shayi. Daga nan dabarar tukunya ɗaya ta kammala: oksaid na girafin a ruwa, gishirin faladiyam ko azurfa ko zinariya, ruwan ganye, ɗan ɗumi. Ruwan ya juya daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, fallayen sun warke, ƙwayoyin ƙarfe sun tsiro a kansu. Sauƙin hanyar ya sa ta bazu a jami'o'in da ba su da kuɗin manyan na'urori, daga Indiya da Iran har zuwa namu, inda ɗalibai ke gwada zogale da mangwaro da shuwaka.

Lissafin da bai cika ba

A nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Ganye ya maye gurbin mataki ɗaya ne a cikin doguwar sarƙa. Oksaid na girafin da ake zuba wa ruwan ganyen, mafi yawansa da hanyar Hummers aka yi shi, da asid da famanganet da ruwan wanki mai yawan gaske. Ƙarfen kuma daga rami ya fito. Kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake, inda ake fasa tan guda na dutse don samun giram kaɗan. A mahaƙar filatinam ta Marikana ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 ranar 16 ga Agustan 2012. Ruwan shayi ba ya wanke wannan.

Akwai kuma matsalar maimaitawa. Ganyen da aka tsinka da damina ba ɗaya yake da na rani ba, na bakin rafi ba ɗaya yake da na tudu ba. Ruwansa na ɗauke da sinadarai ɗaruruwa, sau da yawa ba a tantance wanne ne ya yi aikin ba. Ƙwayoyin sukan fito manya da ƙanana a gauraye, alhali mun ga cewa a wannan fage nanomita biyu ko uku ke raba gwani da rago. Lulluɓin da ya hana su mannewa ma yakan toshe fatar da ake son ta yi dillanci. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa umarnin da ke ba da amsa ɗaya yau, wata dabam gobe, ba a miƙa shi ga jama'a, komai kyansa a ranar da ya yi daidai. Masana'anta ma haka take.

Gwajin da aka fi yi wa waɗannan katalis shi ma abin dubawa ne. Ana zuba su a ruwan naitirofenol mai launin rawaya, a ga launin ya ɓace cikin mintoci, ya koma aminofenol, wanda ake yin farasitamol da shi. Gwaji ne mai sauƙi da daɗin kallo, amma da borohaidiraid mai yawa ake yinsa, sinadarin da aka ce ana gudu, kuma kusan kowace ƙwayar ƙarfe mai daraja tana cin wannan jarrabawa.

Masanan da kansu sun fara tsawatarwa. A 2018 wani bincike daga Singafo, wanda Novoselov na cikin marubutansa, ya auna kayan kamfanoni 60 masu cewa girafin suke sayarwa, ya tarar yawancinsu niƙaƙƙen girafait ne. A 2020 Martin Pumera da abokan aikinsa suka gauraya girafin da kashin tsuntsaye, suka nuna cewa shi ma ya ƙara masa ƙarfin dillanci, suka wallafa a babbar mujalla don su nuna wa 'yan uwansu cewa “mun zuba wani abu, aiki ya ƙaru” bai isa zama ilimi ba. Har yau motocin da ke tafiya da haidirojin filatinam a kan baƙin kabon suke amfani da shi, indomin mota kuma alumina ce shimfiɗarsa.

Wannan bai sa koriyar hanya ta zama wasa ba. Korar haidirazin daga ɗakin gwaji riba ce ta gaske ga huhun ɗalibi da kwatar da ake zubar da ruwan. Aikin da ya rage shi ne mai wuya: a gano sinadarin da ke aiki a cikin ganyen a auna shi, a bayyana girman ƙwayoyin da adadi, a gwada katalis ɗin sau da yawa a ga ko ƙarfen na zubewa cikin ruwa, a gwama shi da na kasuwa, sannan a yi lissafin Sheldon tun daga dutsen girafait har zuwa ruwan wanki na ƙarshe. Wasu sun kama wasu sassan sarƙar: a 2011 ƙungiyar Tao Zhang a Dalian ta Sin ta dasa filatinam atom ɗai-ɗai a kan oksaid na baƙin ƙarfe, inda babu ko atom guda da ke zaman banza, a 2020 kuma ƙungiyar James Tour a Amurka ta yi girafin daga gawayi da shara ta hanyar fizgar lantarki, ba tare da asid ba.

Faraday ya yi aikinsa da guba, amma ya rubuta shi dalla-dalla yadda wani zai maimaita bayan shekara 160 ya ga ja iri ɗaya. Ɗalibin da ke tafasa ganyen dogon yaro yau ya fi shi tsabtataccen kayan aiki. Abin da ake bin sa bashi shi ne irin wancan rubutun.